Man Sarwu: Daga Shingen Gonakin Faransa Zuwa Kwalbar Turare

Duk wanda ya taɓa shiga farmasi a ƙasar Faransa, ko wani ɗan uwa ya kawo masa tsaraba daga can, ya san waɗannan ƙananan kwalabe masu launin ƙasa-ƙasa, waɗanda tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba amma kuɗinsu ya fi na litar man gujiya. Abin da ke cikinsu shi ne Faransawa ke kira "huile essentielle", mu kuwa sai mu ce man ƙamshi, wato man da aka tatso daga ganye, ko fure, ko saiwa, ko ɓawon icce ta hanyar tururi. Irinsa ya fi 100 a kasuwannin duniya. Yau za mu ɗauki guda ɗaya mu bi sawunsa tun daga gona, shi ne man iccen da Larabawa ke kira sarwu, Faransawa su ce "cyprès", masana tsirrai kuma suka raɗa masa Cupressus sempervirens da Latinanci. Ba shi da suna a Hausa tun da ba ya fitowa a ƙasarmu, saboda haka za mu ari na Larabawa.

Sarwu icce ne na ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Asalinsa gabashin tekun ne: tsibiran Kirit da Kubrus, kudancin Turkiya, Siriya, Labanan, tsaunin Jabal Akhdar na Libiya, har zuwa Iran. Daga nan mutane suka yi ta ɗaukarsa suna dasawa a Italiya, Faransa, Sipaniya da arewacin Afirka tun zamanin Rumawa, ko ma kafin su. Yakan kai mita 20 zuwa 30 a tsayi. Irin wanda aka fi dasawa ba ya baza rassa kamar gawo ko tsamiya, sai ya tsuke jikinsa ya miƙe sama sak kamar mashin da aka kafa a ƙasa. Ganyensa ƙanana ne ƙwarai, a manne suke da reshe kamar ɓawon kifi, kuma ba sa zuba rani da damina, abin da kalmar sempervirens ke nufi ke nan: kore kullum. Ƴaƴansa dunƙulallu ne masu tauri, girmansu kamar na ƙaramin goro.

Icce ne mai tsawon rai. A garin Abarkuh, cikin lardin Yazd na Iran, akwai wani da ake ƙiyasta shekarunsa sun kai 4000, kuma har yanzu ganyensa kore ne shar. Katakonsa yana da ƙamshi, gara da ruɓa ba sa cinsa da wuri. Marubucin tarihi na Girka, Tukididis, ya ba da labarin cewa mutanen Atina a cikin akwatunan sarwu suke zuba ƙasusuwan mazajensu da suka faɗi a fagen yaƙi. Tun wancan zamani aka haɗa shi da makoki, shi ya sa za ka tarar da shi a maƙabartun Nasara na Italiya da Faransa, ka kuma tarar da shi a maƙabartun Musulmi na Istambul yana yi wa kusheyi inuwa. Su kuwa mawaƙan Farisa wata fuska suka duba: da shi suke kwatanta tsayuwar kyakkyawar mace.

Shinge kafin turare

Manomin kudancin Faransa bai dasa sarwu domin turare ba. A yankin Furobans akwai wata iska da suke kira mistral, mai sanyi, busasshiya, wadda ke gangarowa daga arewa ta kwarin kogin Ron, wani sa'i da gudun da ya zarce kilomita 100 a awa guda. Idan ta taso sai ta kwantar da shuka, ta kakkaɓe furen itatuwan lambu. A ƙarni na 19, da aka haƙa hanyoyin ban ruwa kuma jirgin ƙasa ya fara kai kayan lambu birnin Pari, manoman wajen Kabayon da Shatorenar suka jera sarwu layi-layi daga gabas zuwa yamma, kowane lambu da katangarsa ta icce. Mutanen kwarin Majiya a jahar Tawa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, domin irin wannan aiki suka soma da dogon yaro a 1975.

Shinge kuwa sai da aski. Idan kaka ta yi akan sassare rassan da suka yi yawa, iska ma takan karya nata. Waɗannan ƙananan rassa da ganyensu, abin da a da sai dai a tara a cinna wa wuta, su ne ake kai wa masu tatsa. Ba a sare iccen domin a sami man, kuma wannan babban abu ne idan aka tuna abin da ya sami sandal a Indiya, inda sai an tumɓuke iccen har saiwa, har ya yi ƙaranci hukuma ta sa masa dokoki masu tsanani. A yau Faransa da Sipaniya suna cikin ƙasashen da aka fi sani da tatsar man sarwu.

Yadda ake tatsar ba wani sihiri ba ne. Ana daddatsa rassan a cusa su cikin wata babbar tukunyar ƙarfe mai murfi, a danne su sosai. Daga ƙasa sai a sako tururin ruwa mai zafi. Tururin na ratsa ganyen, yana fasa ƴan ƙananan jakunkunan da iccen ke ɓoye mansa a ciki, ya kwashi man ya yi sama da shi. Daga murfin akwai bututu da ya nannaɗe kamar maciji cikin wata gangar ruwan sanyi. Tururin na shiga nan sai ya huce ya koma ruwa, yana ɗiga cikin wani tulu na musamman. Da yake man ya fi ruwa sauƙi, lita guda ba ta kai gram 900 ba, sai ya taso sama a kwalfe shi. Wadda ta taɓa ganin gumi a murfin tukunyar tuwo ta ga rabin wannan ilimi. Tukunyar kanta Faransawa na ce mata "alambic", daga Larabci al-inbik, domin malaman Musulmi sun yi fice a wannan fanni. Tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza mai ɗauke da hanyoyin haɗa turare fiye da 100.

Abin da ake samu kaɗan ne. Kilo 100 na rassa da kyar ya ba da kilo guda na mai, sau da yawa rabin haka ne. Duk da haka sarwu mai yalwa ne idan aka gwada shi da wardi, wanda sai an tsinko tan 3 zuwa 4 na fure kafin a sami kilo ɗaya. Sai dai sarwu yana bukatar haƙuri. Sassan man masu sauƙi su ke fara fitowa, masu nauyi kuwa sai an daɗe ana hura tururi awa da awa. Mai tatsar da ke tsimin makamashi ya kashe wuta da wuri zai sami mai, amma mai marar gindi, wanda ƙamshinsa ke tashi nan take ya bar ka da hannu wayam.

Abin da ke cikin kwalba

Man sarwu ruwa-ruwa ne, fari ko mai ɗan rawaya. Idan aka kai shi ɗakin bincike za a tarar kusan rabinsa, ko fiye, wani sinadari ne da ake kira alfa-pinen. Sai delta-3-karen da ke bi masa da kamar kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Sai wasu ƙanana, cikinsu har da sedrol, wanda duk ƙanƙantarsa shi ne ke riƙe ƙamshin. Da ka buɗe kwalbar, abin da zai fara dukan hancinka shi ne wani kaifi mai sanyi kamar na ɗanyen ƙaro. Bayan ɗan lokaci sai ya lafa ya koma ƙamshin busasshen katako da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Wanda ya san ƙamshin ƙaron hano a kan garwashi ba zai ji shi baƙo ƙwarai ba, kuma da dalili, domin itatuwan lubban da dama su ma suna ɗauke da alfa-pinen.

Cibiyar wannan sana'a a Faransa ita ce Giras, wani ƙaramin birni a kan tudu kusa da Kan da Nis. Da farko garin majema ne. Warin jima ne ya sa suka fara turara safar hannu ta fata da suke sayar wa masu hali, a hankali turaren ya ture jimar. A 2018 hukumar UNESCO ta sa gwanintar mutanen wannan yanki wajen noman furanni, tatsa da haɗa turare cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. A wurin mahaɗan turare, sarwu ba shi ne ango ba, abokin ango ne. Ana sa shi domin ya ba turare sanyi da bushewa, musamman turaren maza, kuma yana jituwa da ɓawon lemun bargamot, da labanda, da saiwar betiber, wadda ƴar uwar jemarmu ce ta fadama.

A nan akwai ruɗani guda biyu da ya kamata a warware. Na farko, akwai wani babban dangin turare da ake kira "chypre", wanda ya samo suna daga turaren da Faransuwa Koti ya fitar a 1917. Mutane da yawa na zaton daga sarwu yake saboda kamar sunan. Ba haka ba ne: sunan tsibirin Kubrus ne da Faransanci, kuma ginshiƙansa su ne bargamot, ƙaron labdanum da wata gansakuka ta jikin itatuwa. Na biyu, akwai man da ake kira "cypriol" da ke zuwa daga Indiya. Shi ma ba ruwansa da sarwu. Daga saiwar wata ciyawa yake, dangin aya da kajijin da matanmu ke dakawa cikin turaren wuta.

Har tsakiyar ƙarni na 19 duk turaren duniya daga tsiro ko dabba yake. A 1868 wani Bature ɗan Ingila, Wiliyam Pakin, ya haɗa sinadarin kumarin a ɗakin bincike, a 1882 kuma gidan turare na Houbigant ya sa shi cikin Fougère Royale. Daga nan ƙofa ta buɗe, har ya zamana galibin abin da ke cikin turaren kanti a yau haɗin masana'anta ne. Masu abin da ake kira turaren asali su ne suka juya wa wannan hanya baya, suka ce ba za su taɓa komai ba sai abin da aka tatso daga tsiro. Aikinsu ya fi wuya kuma ya fi tsada: man bana ba ya zama daidai da na bara, domin ruwan sama da ƙasa da lokacin sara duk suna canja shi, kuma ƙamshinsu bai cika daɗewa a jiki ba. Sana'a ce mai daraja. Amma kada kalmar "asali" ta ruɗi kowa ya ɗauka duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Tunfafiya ma tsiro ce, ba wanda ke ɗiga nononta a ido.

Magani ko ƙamshi?

Kalmar "aromathérapie", wato jinya da ƙamshi, wani masanin sinadarai na birnin Liyon ne ya yaɗa ta, Rene-Moris Gatfose. A 1910 wuta ta tashi a ɗakin bincikensa ya ƙone sosai, ya kuma ce da man labanda ya yi jinyar miyakun. A 1937 ya buga littafi da wannan suna. Bayansa likitan soja Jan Balne ya fitar da nasa a 1964, wanda ya kai maganar gidajen talakawan Faransa. Mabiyan wannan hanya suna shafa man sarwu, bayan an surka shi, ga masu nauyin ƙafafu da masu jijiyoyin da suka kumbura a ƙwauri. Suna shaƙarsa domin busasshen tari. Wasu na sa shi cikin ruwan wanke ƙafa saboda yawan gumi. Ƴaƴan iccen ma sun daɗe cikin magungunan gargajiya na Turai a kan basir da ciwon jijiyoyin jini.

Gaskiyar magana ita ce galibin wannan al'ada ce da gwajin masu yi, ba a tabbatar da shi ba ta irin babban gwajin da ake yi wa maganin asibiti a kan ɗaruruwan majinyata. An ga man yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin faranti a ɗakin bincike, amma faranti daban, jikin ɗan Adam daban. Ƙamshi mai daɗi yana kwantar da rai, tausa tana sauƙaƙa gajiyar ƙafa, ba mai musun wannan. Sai dai ƙafar da ta kumbura tana iya zama alamar ciwon zuciya ko na ƙoda, tarin da ya wuce sati 2 kuma yana iya zama tarin fuka. Waɗannan na likita ne, kuma kwanakin da aka ɓata ana shafe-shafe ba sa dawowa.

Haka nan kada a ɗauka kowane mai mai ƙamshi yana korar sauro. Wani bincike da aka yi a Kenya, aka buga a 2015, ya nuna sedrol ɗin nan yana jawo macen sauron zazzaɓi ta zo ta yi ƙwai a ruwan da ke ɗauke da shi. Gidan sauro dai bai sami magaji ba tukuna.

Wanda kwalbar ta shigo hannunsa, to ya riƙe ta kamar yadda yake riƙe kananzir, domin ta wasu fuskoki halinsu ɗaya. Yana kama wuta cikin sauƙi, saboda haka ba a tsiyaya shi a kaskon garwashi kamar turaren wuta. Ɗigo biyu ko uku a ƙyalle ko a kwanon ruwan ɗumi sun isa ɗaki. Ba a shansa. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man na iya sauka cikin huhu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Ba a shafa shi tsurarsa a fata: ɗigo 5 cikin ƙaramin cokali biyu na man riɗi ko narkakken man kaɗe sun ishi babba, a kuma fara gwadawa a ɗan wuri a hannu. Mai ciki, mai shayarwa, ƙananan yara da mai asma su nisance shi sai da izinin likita.

Zafin ƙasarmu ma abokin gabansa ne. Iska da haske da zafi suna lalata pinen da karen, su mai da su abin da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Likitocin fata sun daɗe da sanin haka daga masu fenti da ke wanke hannu da tsohon man tarbantin. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa ko Yamai, kwalbar da aka bari a taga ko cikin mota ba za ta yi ƙarko ba. A toshe ta da kyau, a ajiye ta cikin duhu, a gindin randa idan ba firji, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Sai maganar algus. Shi man tarbantin, wanda ake tatsa daga ƙaron itatuwan pin, cike yake da alfa-pinen kuma yana da araha, saboda haka da shi maha'inta ke ƙara auki. Wasu kuma man girki suke zubawa. Na biyun yana da sauƙin kamawa: a ɗiga a farar takarda a bari ya kwana, man ƙamshi na gaskiya zai tashi, na algus zai bar tabon maiƙo. Na farkon kuwa sai na'urar ɗakin bincike. Abin da mai saye zai iya yi shi ne ya duba takardar kwalba ya ga cikakken sunan Latinanci, da ƙasar da aka tatsa, da ranar lalacewa. Sunan nan ba ado ba ne. Sarwu yana da dangi masu kama da shi, irin su tuya da sabin, waɗanda mansu guba ne. Na tuya yana sa farfaɗiya. Dokar Faransa ta 2007 ta lissafa man ƙamshi iri 15 da ba mai sayar da su sai mai farmasi, waɗannan biyu suna ciki, na sarwu ba ya ciki.

Ciwon icce, da ɗan uwansa na Hamada

Iccen kansa yana da nasa masifa. A 1928 aka fara ganin wata cuta a Kaliforniya ta Amurka, wadda wani naman gwari mai suna Seiridium cardinale ke haddasawa. A 1944 ta ɓulla a Faransa, a 1951 a Italiya, daga baya ta kai Girka. Tana shiga ta raunin ɓawo, sai ƙaro ya yi ta tsiyaya, reshe ya yi ja ya bushe, idan ta zagaye gangar jikin sai iccen ya mutu a tsaye. A wasu gundumomi na Toskana da Girka fiye da rabin itatuwan sun kamu. Ƙwarin ɓawo suna yaɗa ta, almakashin askin shinge ma yana yaɗa ta idan ba a tsabtace shi ba tsakanin icce da icce. Masu bincike na birnin Fulorans sun yi shekaru suna zaɓen itatuwan da suka jure, har a 1990 suka fitar da iri masu juriya, ɗaya daga cikinsu ana kiransa Bolgheri.

Ko da yake sarwu ba ya fitowa a Nijar, yana da ɗan uwa a maƙwabta. A kan tsaunin Tasili n'Ajjar na Aljeriya, kusa da garin Janet, arewa maso yamma da duwatsunmu na Jado, akwai sarwun Hamada, wanda Abzinawan wurin ke kira tarut. Wani kyaftin na sojan Faransa, Dupre, shi ya kai labarinsa ga masana a 1924, a 1926 kuma masaniyar tsirrai Eme Kamus ta sa masa suna Cupressus dupreziana. Saura ne na zamanin da Hamada ke da ruwa da ciyawa, zamanin da mutane suka zana shanu da raƙuman dawa a jikin duwatsun wurin. Yanzu ruwan da ke sauka can bai fi milimita 30 ba a shekara. Ƙidayar da masu binciken Aljeriya Fatiha Abdun da Muhammad Baddiyaf suka buga a 2002 ta sami itatuwa 233 kacal masu rai, a warwatse cikin kwazazzabai a tsawon kilomita kamar 120. Wasunsu sun haura shekara 2000, matasa a cikinsu kuwa ƴan kaɗan ne.

Fari ne babban abin da ya rage su, amma da hannun mutum: an sare su an yi ƙofofi da rufin ɗaki a Janet da Gat, matafiya sun yi makamashi da rassansu, dabbobi kuma suna cinye ɗan tsiron da ya samu ya fito. Galibin irinsa ma fanko ne. A 2001 masu bincike a Faransa suka gano wani abin mamaki game da shi: ɗan tsiron da ke cikin irin gadon uba kaɗai yake ɗauka, uwar goyo kawai take yi, abin da ba a taɓa gani ba a wani icce kafin nan. Aljeriya ta mai da Tasili gandun hukuma a 1972, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, kuma haramun ne a sari ko reshe ɗaya na tarut, balle a kai shi tukunyar tatsa. An ɗebi irinsa an shuka a gandayen gwaji na kudancin Faransa, an kuma dasa masa kurmi guda a gandun itatuwa na birnin Kambera a Ostareliya.